Me Za a Shafa wa Katakon Taga?

A cikin duk katakon da ke ɗaki, babu mai shan wahala kamar wanda ya kewaye taga. Gado yana can cikin inuwa, kabad yana jingine da bango, ƙofar ɗaki ma rana ba ta cika samunta ba. Shi kuwa na taga, rana ta doke shi ta cikin gilashi, feshin ruwan sama ya same shi ranar da aka manta ba a rufe ba, ƙurar hunturu ta kwanta masa, mai shara ta bi shi da jiƙaƙƙen tsumma, sannan a mayar da gindin tagar wurin ajiye kwalbar turare da kofin shayi. Duk da haka, idan mai gida ya ce a bar masa katakon da kamanninsa na asali, kada a rufe shi da fenti, yawanci abin da aka shafa wa gado da kabad shi ake ɗebowa a shafa masa. Ranar miƙa aiki kafinta zai ce, "Alhaji, duba, har fuskarka kana gani." Kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai kusan kowane irin shafi yana da kyau a ranar farko. Inda suke rabuwa shi ne yadda suke tsufa, da irin aikin da za a sha ranar da aka tashi gyara. A nan ya kamata zaɓi ya tsaya.

Kafin a kai ga gwangwani, sai an san halin katakon kansa, domin ba ya daina motsi. Ko ya shekara 50 da yankewa, yana shan laima idan iska ta yi danshi, yana sakinta idan ta bushe, yana kumbura yana motsewa gwargwadon haka. A Kano ko Katsina ko Damagaram, laimar iska da rana a watan Janairu takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a Agusta kuma ta haura 70. Katakon da ya daɗe cikin iska mai laima kashi 20, ruwan jikinsa yakan tsaya a kashi 4 zuwa 5. Wanda ya daɗe cikin mai kashi 80, nasa yakan kai wajen 16. Wato tsakanin hunturu da tsakiyar damina ana iya samun tazarar da ta kusa kashi 10. A katakai da dama, wannan yana nufin allo mai faɗin santimita 10 zai ƙaru ko ya ragu da milimita 2 ko sama da haka. A tsawo kuwa kusan ba ya motsi ko kaɗan. Wannan rashin daidaito ne ke buɗe kusurwar firam: inda aka yanke guda biyu a karkace aka haɗa bakinsu, idan hunturu ya tsananta sai haɗin ya buɗe ta ciki, damina ta faɗi ya koma ya rufe. Akan ɗora wa kafinta laifi, alhali sau da yawa aikin iska ne.

Akwai inda laifin na mutane ne. Mafi yawan katakon da ake saye a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, ko a Panteka ta Kaduna, daga dazuzzukan kudu yake zuwa, inda iska ke da danshi shekara a zagaye. Katakon sapele ma sunan wani gari a jihar Delta ya ci. Sau da yawa yana isowa da ruwansa, a saye shi yau, a goge shi a inji gobe, a kafa shi jibi. Duk abin da aka shafa a kan irin wannan katako, hunturun farko zai tona asirinsa. Maganin ba ya cin kuɗi, lokaci yake ci: a jera allunan a inuwa, cikin ginin da za su zauna, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, a bar su makonni. Allo mai kauri ya fi bukatar haƙuri. Haka nan kada a manna katako a jikin filastar da ba ta gama bushewa ba, don ruwan siminti yana da kaifi, yana ɓata launin katako kuma yana cin shafin da aka haɗa da mai.

Bayan laima, abokin gaba na biyu rana ce. A jikin katako akwai wani sinadari da ake kira liginin, shi ke riƙe zaruruwansa wuri guda, kuma hasken UV da ido ba ya gani yana farfasa shi. Gilashin taga na yau da kullum yana tare wani ɓangare na wannan haske, amma babban kaso yana wucewa. Saboda haka shafi garai-garai, wanda ake ganin katako ta cikinsa, yana da rauni tun daga asali: hasken da ke shiga ya nuna mana zanen katakon, shi ne kuma ke cin fuskar da shafin yake riƙe da ita. Idan wannan siririyar fuska ta ruɓe, shafin ba shi da abin kamawa, sai ya fara ɗagowa. Fenti ya fi daɗewa ne kawai don launinsa yana tare haske. Wanda ya zaɓi ganin katako ya zaɓi ya riƙa kula da shi, babu wata dabara da za ta kawar da wannan.

Ba kowace taga ke shan rana daidai da 'yar'uwarta ba. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka tagar da ta kalli kudu tana samun rana sosai daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wadda ta kalli arewa kuma sai ɗan abin da ba a rasa ba tsakanin ƙarshen Afrilu da Agusta. Ta gabas tana shan hantsi. Ta yamma ita ce ke cin wuya, domin rana tana shigo mata a kwance bayan la'asar, lokacin da bango ya riga ya ɗauki zafi. Gida ɗaya, katako ɗaya, gwangwani ɗaya, amma sai ka tarar ta yamma ta tsage tun ta arewa tana sabuwa. Ban ga dalilin da zai sa a yi musu shafi iri ɗaya ba.

Sannan launin da ake cewa na asali ba tsayayye ba ne. Loko, wanda 'yan kasuwa suka fi kira iroko, idan aka goge shi sabo rawaya-rawaya yake, cikin watanni ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Maɗaci da sauran dangin mahogani suna fitowa da ɗan ja mai haske, su yi ta ƙara duhu. Mansoniya kuwa akasin haka take, rana kodar da ita take yi. Wanda yake son ya san yadda katakonsa zai fito bayan an shafa masa mai ko banish, ya jiƙa ɗan tsumma da ruwa ya goga a gefe guda. Launin da ya gani kafin wurin ya bushe, kusan shi zai samu.

Duk yawan gwangwanayen da ke shago, gida biyu suka kasu. Akwai masu shiga cikin katako su bushe a can, akwai masu kwanciya a samansa su zama ɓawo. Na farko su ne mai da dangoginsa. Man linsid, wanda ake matsa daga irin wani tsiro da ake saƙa da zarensa a Turai da Asiya, ba ya bushewa ta hanyar tashi sama kamar ruwa. Iskar oksijin yake sha, ƙwayoyinsa su sarƙe da juna, ya daskare a cikin ƙananan ramukan katako. Ɗanyensa yakan yi kwanaki, wani lokaci makonni, bai bushe ba. Wanda ake sayarwa da sunan dafaffe kuwa an zuba masa sinadaran ƙarfe irin su kobal da manganis don su gaggauta shi, yakan bushe cikin kwana ɗaya ko biyu. Man tung, daga 'ya'yan wata bishiya ta ƙasar Sin, haka yake aiki, sai dai ya ɗan fi jure ruwa kuma bai kai linsid yin rawaya ba. Kyawun mai ba ya ɓuya: yana fito da zanen katako, yana ba shi zurfi, kuma idan ka taɓa, katako ka taɓa. Ba ya ɓarewa don babu ɓawon da zai ɓare. Gyaransa kuwa, a goge ƙura, a ƙara shafawa, a share. Amma lamarinsa kamar man kaɗe ne a fata lokacin hunturu, ba a shafa sau ɗaya a ce an gama. A tagar da ke shan rana sai an maimaita duk shekara, wani lokaci sau biyu.

A nan ne wasu ke cewa, to me zai hana a shafa man kaɗen kansa, ko man gyaɗa, ko man ja, tun da suna gida? Abin da ya hana shi ne ba sa daskarewa. Ƙwayoyinsu ba su da isassun wuraren da oksijin zai kama ya sarƙa su, don haka suna nan a mai har abada. Su jawo ƙura, su yi ɗoyi, su kira kiyashi, kuma duk ranar da aka so shafa banish ya ƙi kamawa. Baƙin man inji da ake shafa wa katakon rufi don tsoron gara ya fi su muni a cikin ɗaki: ba ya bushewa, yana ɓata labule da bango, ga gubar da ke cikinsa. Batun gara dabam yake. Mai da banish ba sa hana ta. Abin da ke hana ta shi ne zaɓen katakon da ba ta so, kamar zuciyar loko da tik, ko a sa maganin katako irin Solignum marar launi a bar shi ya bushe sarai kafin shafi. Obece fari ne, mai sauƙin aiki da araha, amma gara da ƙwaron katako ba sa masa ta daɗi. Idan da shi za a yi, magani ya zama dole.

Kakin zuma shi ma ana ambatonsa. Yana ba da santsi da ƙamshi da ɗan sheƙi mai daɗin gani, amma shi kaɗai ba kariya ba ne, kuma rana mai zafi tana tausasa shi ƙura ta manne. Wurinsa a saman wani shafi ne, a tagar da ke inuwa.

Abin da mai ba ya yi, wanda mutane ke zaton yana yi, shi ne hana katako shan laima. Cibiyar binciken katako ta gwamnatin Amurka da ke Madison a jihar Wisconsin, wadda aka kafa a 1910, ta gwada shafe-shafe iri-iri a kan wannan, ta samu cewa mai shi kaɗai kusan ba ya rage komai idan katako ya kwana biyu cikin danshi. Masu ɓawo sun fi shi, musamman idan an yi shafi uku, amma su ma jinkirtawa suke yi, ba tsayarwa ba. Jinkirin kuwa yana da amfani, domin katakon da ke bushewa a hankali bai cika tsagewa ba kamar wanda iskar hunturu ta zuƙe cikin kwana uku. Daga nan ne wata ƙa'ida ta fito wadda kafintoci da yawa ke tsallakewa don ba a gani: a shafe bayan allon da zai jingina da bango, a kuma shafe bakin yankansa, kafin a kafa shi. Bakin yanka yana shan ruwa ninkin ba ninkin abin da fuska ke sha, saboda nan ne bututun da bishiya ke jan ruwa da su suke buɗe. Allon da aka rufe gabansa aka bar bayansa tsirara, gefe ɗaya zai riƙa shan laima fiye da ɗaya, ya lanƙwashe.

Gida na biyu, masu ɓawo, sun fi yawa kuma sun fi rikitarwa. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu shi ne shalak, wani danƙo da wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a jikin rassan bishiyoyi a Indiya da Tailan. Ana narkar da shi cikin sifirit, a shafa da dunƙulen auduga cikin tsumma, ya bushe cikin mintuna, ya ba da launi mai ɗumi da babu kamarsa a kan mahogani. Ba shi da cutarwa idan ya bushe, har alewa da ƙwayoyin magani ake lulluɓewa da shi. Gyaransa ma da sauƙi, don sabon shafi yana narkar da tsohon su zama ɗaya. Amma abin da ya narkar da shi da farko yana iya sake narkar da shi kowane lokaci, kuma turaren fesawa mafi yawansa sifirit ne. A ɗakin da uwargida ke jera turarukanta a gindin taga, ɗigo ɗaya ya isa ya bar tabo. Ruwa idan ya kwanta masa yakan bar farin zobe, zafi kuma yana tausasa shi. Ga katakon sama da na gefe a ɗaki mai inuwa, ya yi. Ga gindin taga, a'a.

Laka, wato ruwan ƙyallin da ake sirkawa da tina a fesa da inji, ita ce sarauniyar shagunan kayan ɗaki. Irin ta naitaroselulos ta bazu ne a shekarun 1920, lokacin da masana'antun mota na Amurka ke neman fenti mai saurin bushewa, kuma saurin nan shi ne ya sa kafintoci ke sonta: a fesa sila, wato shafin ƙasa, da safe, a goge, a fesa laka da rana, a kai wa amarya gadonta da yamma. A kan gado tana iya shekaru lafiya. A taga kuwa ita ce zaɓin da na fi ƙi. Rana tana sa ta rawaya ta kuma sa ta gautsi, ɓawonta ba ya miƙewa tare da katako, sai ta tsattsage kamar an zana mata layuka. Silar da ake sa mata a ƙasa an yi ta ne da laushi don samfefa ta ci da sauri. Idan aka labta ta da yawa don a cike ramukan katako, an gina ɓawo mai tauri a kan tushe mai taushi. Da damina ma tana da wata matsalar: tina tana tashi da sauri har fuskar ta yi sanyi, laimar iska ta kwanta a kai, shafin ya fito da hazo fari.

Banish na mai, har da wanda aka haɗa da foliyuretan, sinadarin da Otto Bayer da abokan aikinsa suka samar a Jamus a 1937, shi ne mai ƙarfin cikinsu. Mai ne da aka dafa tare da danƙo, ya bushe ta hanyar shan oksijin, kuma idan ya gama bushewa sifirit ko ruwa ko omo ba sa narkar da shi. Yana ƙara wa katako launin zuma, yana ƙara rawaya da shekaru. Ƙarfin nan nasa shi ne kuma matsalarsa ranar gyara. Sabon shafi ba ya narkewa cikin tsohon, sai an karce da samfefa ya samu abin kamawa, kuma idan aka bari ya riga ya fara ɓarewa, ba a faci. Sai an kankare duka har katako, a lungunan firam da ke kusa da gilashi da ƙarfen taga, aikin da babu kafintan da ke murna da shi. Akwai wani nau'insa da aka yi don jiragen ruwa da ƙofofin waje, mai yawan mai, wanda ɓawonsa ke miƙewa ya dawo, kuma an zuba masa sinadarin da ke shanye hasken UV. Ga gindin tagar yamma, wannan ya fi foliyuretan na daɓen ɗaki mai tauri, ko da yake a cikin ɗaki yake.

Banish na ruwa, wanda ke kama da madara a gwangwani ya bushe garai, shi ne ya fi barin farin katako irin obece da afara da malaina da launinsu, ba ya rawaya sosai, warinsa kaɗan ne, kuma ana wanke buroshi da ruwa. A kan katako mai duhu kuwa yakan fito a dushe, kamar an lulluɓe shi da leda, sai an fara shafa shalak siriri a ƙasa, irin wanda aka cire wa kaki, don launin ya farka. Yana tayar da gashin katako a shafin farko, don haka sai an bi da samfefa mai laushi. Da hunturu yana bushewa tun buroshi bai gama tafiya ba, ya bar sawu.

Tsakanin gidajen biyu akwai 'yan tsakiya, kuma a ganina nan amsar mafi yawan gidajenmu take. Abin da ake sayarwa da sunan man tik ko man Danish yawanci haɗin mai ne da banish da ruwan sirki. Ba daga bishiyar tik ake matso shi ba. Mutum yana iya yin kusan irinsa da kansa: ya sirka banish na mai rabi da rabi da ruwan sirkin da aka rubuta a jikin gwangwanin, ya shafa da tsumma mai tsabta maimakon buroshi. Kowane shafi siriri ne ƙwarai, yana kama jikinsa da wuri kafin ƙura ta samu wurin zama, ba ya barin sawun buroshi, ba ya zuba a kusurwa. Shafi uku ko huɗu a katakon sama da na gefe suna ba da kariya ba tare da katakon ya koma kamar roba ba. Gindin taga, inda ruwa da kofi suke sauka, a ƙara masa biyu ko uku. Ɓawo siriri idan ya tsufa dushewa yake yi maimakon ya ɓare, kuma dushewa tana gyaruwa da samfefa mai laushi da shafi ɗaya cikin awa guda. Ruwan sirkin kuwa a kiyaye shi. Kananzir yana da maiƙo kuma yana jinkirin tashi, yakan bar shafi yana danƙo kwana da kwanaki. Fetur kuma a rufaffen ɗaki neman gobara ne.

Loko yana da wani hali da ya kamata a sani. A jikinsa akwai sinadarin da ke hana oksijin aikinsa, don haka mai da banish na mai sukan yi nawar bushewa a kansa, wani wuri ya bushe wani ya ƙi. Tik ma yana da maiƙonsa na halitta. Dukansu biyu a goge fuskarsu da tsumma mai tina dab da shafi, ko a fara da shalak marar kaki ya raba tsakani. Ƙurar loko tana sa wasu mutane tari da ƙaiƙayi, mai gugarsa ya rufe hanci. Katakon da ke da tanin, sinadarin nan na bagaruwa da majema ke jima da shi, idan ƙusar ƙarfe da ruwa suka haɗu a jikinsa sai baƙin tabo ya kewaye ƙusar. A nutsar da kan ƙusa a toshe ramin, ko a nemi wadda ba ta tsatsa.

Game da ƙyalli, ra'ayina ya saɓa wa na kasuwa. Mai sheƙi sosai yana tona kowane karce da kowace ƙwayar ƙura, kuma a bakin taga, inda haske ke zuwa a kwance, yana mayar da rana cikin ido har ba a ganin zanen da aka biya kuɗi don a gani. Mai rabin ƙyalli ya fi dacewa. Garin da ke rage masa sheƙi yana kwanciya a gindin gwangwani, don haka sai an juya shi sosai da sanda. Girgizawa kumfa take kawowa. Wanda kuma zai yarda a sa wa katakonsa ɗan launi kaɗan mai kama da nasa, ya ƙara masa kwana, domin ƙwayoyin launi, ko ba su da yawa, suna tare hasken da shafi garai ba ya tarewa. Labule ma yana aiki, sai dai yakan rufe ɗaki ne ya bar gindin taga a rana.

Shiri ya fi shafi cin lokaci. A fara da samfefa mai lamba 120, a koma 180, a tsaya a nan ko a 220, kullum ana bin jijiyar katako, don karcen da aka yi a gicciye ba ya fitowa sai an shafa mai, lokacin da ba shi da magani. A ɗan kashe kaifin gefuna, saboda shafi yana janyewa daga kaifi ya bar wurin da ɓawo mafi siranta, kuma daga nan ɓarewa ke farawa. A gwada komai tukuna a kan guntun da ya rage daga katakon, a bar shi ya kwana. Kada a shafa lokacin da rana ke kan katakon: iskar da ke cikin ramukansa tana faɗaɗa da zafi, ta huda ɗanyen shafi ta bar ƙananan ƙuraje. Tagar gabas a yi ta da yamma, ta yamma a yi ta da sassafe ko bayan rana ta sauka. Lokaci mafi kyau a shekara shi ne kaka, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta kankama ba, katako kuma yana tsaka-tsaki tsakanin kumburinsa da motsewarsa. Idan dole sai da hunturu, a yayyafa ruwa a daɓe, a kashe fanka, a rufe ɓangaren da iska ke shigowa a bar wani a buɗe don wari ya fita. Banish yakan bushe a taɓa washegari, amma yana kusan wata guda kafin ya kai ƙarfinsa. Kafin nan kada a ɗora masa komai, a kuma ɗan jinkirta turaren wuta a ɗakin, don hayaƙinsa yana manne wa ɗanyen shafi.

Tsumman da aka shafa mai da shi ba abin wasa ba ne. Shan oksijin da mai ke yi yana fitar da zafi, kuma idan aka dunƙule tsummoki aka jefa a lungu, zafin yana taruwa har su kama wuta ba tare da ashana ba. A Fabrairun 1991, irin waɗannan tsummoki masu man linsid da ma'aikata suka bari ne suka tayar da gobara a wani bene mai hawa 38 a birnin Filadelfiya, 'yan kwana-kwana 3 suka rasu. A shanya kowane tsumma a buɗe a waje har ya bushe ya yi tauri, ko a nutsar da shi cikin bokitin ruwa.

Wanda ya gaji tsohuwar taga, ko ya manta abin da aka shafa wa tasa, kada ya ɗora sabon abu sai ya gane na ƙasa, don laka idan ta hau kan banish tana yamutsa shi, foliyuretan kuma ba ya kama kaki. A samu lungun da ba a gani, a ɗiga sifirit: idan ya yi danƙo, shalak ne. Idan bai motsa ba a ɗiga tinar laka: idan ya narke, laka ce, idan ya tsaya ko ya ɗan yamutse, banish ne. Idan kuma ɗigon ruwa ya shige katakon ya bar duhu cikin 'yan mintuna, to mai ne da ya ƙare, ko ɓawon ya riga ya mutu. Wannan gwajin ɗigon ruwa ya kamata a riƙa yi wa gindin tagogin gabas da yamma duk ƙarshen damina, a ƙara shafi tun ruwan yana tsayawa amma sheƙin ya fara dushewa. Firam ɗin da ke da tsohon fentin mai kuwa, wanda ake so a kankare don katako ya fito, a yi hattara da gugarsa a bushe, domin tsofaffin fenti da yawa suna da dalma, ƙurarta kuma ta fi cutar da yara ƙanana. A fitar da yara daga ɗakin, a jiƙa wurin kafin a kankare, a kwashe dattin da jiƙaƙƙen tsumma.